Fuskar Li'azaru

Tun da aka kafa birnin Utrecht ba a taɓa yin wanda ya fahimci haske kamar Malam Wouter van Dalen ba. Wannan ba zancen musu ba ne, domin shi da kansa ya faɗa, kuma a gaban shaidu. A ganinsa duhu aka fara halitta, sannan aka ɗiga masa haske kaɗan daidai inda ake bukata. Duk mai zanen da ya wuce wannan ma'auni, to ya yi wa Mahalicci gyara.

Shi ya sa ɗakin zanensa kullum kamar rami yake. Taga ɗaya ce, doguwa, tana kallon arewa. Murafunta na ƙasa a rufe suke ruf, na sama kaɗai ake ɗagawa, haske ya sauko a karkace kamar igiya. Aikin 'yarsa Aleida ne ta hau tsani ta ɗaga su, ta rage, ta ƙara, har sai ya daina tsaki.

Matsalar ita ce bayan tagar nan tsakar gidan Uwargida Neeltje ce, mai wanki, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya da igiyoyin shanya. Da rana ta fito sai ta jera fararen zannuwan gado, haske ya buge su ya dawo ɗakin Malam ta kowace kafa, ya wanke masa inuwa. Ita Furotesta ce, cocinsu farin bango ne ba hoto ko ɗaya, don haka maƙerin gumaka take kiransa. Shi Katolika ne, yana kiranta annobar unguwa. Sun daɗe a haka, kuma ga alama yana ƙara musu lafiya.

A shekarar nan Fada Bonifas ya ba Malam aikin zanen tashin Li'azaru daga kabari, don cocinsu na ɓoye da ke saman rumbun hatsi, wanda kowa a gari ya san inda yake. Komai ya samu ban da Li'azaru. Duk wanda aka kawo sai Malam ya ce ya cika rai.

Aleida na kan tsani ranar da aka buga ƙofa. Wani dogon saurayi ya shigo, siriri, fari fat, hula a hannu.

"Ni ne Lubbert, ɗan gidan baya," ya ce. "Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce kuma rana ba gadon gidanku ba ce. Ta ce in duhu kake so, maƙabarta na nan bayan ganuwa, ba a shanya a can."

Malam bai ji ko kalma ba. Ya zagaye yaron yana duba ƙasusuwan kumatunsa.

"Ka yi ciwo?"

"Zazzaɓi, da hunturu."

"Madalla. Kada ka warke. Aleida, ɗaga na hagu!"

Ta ɗaga. Hasken ya sauka a goshin saurayin ya zame ta gefen hancinsa, ya bar ramin idanunsa cikin duhu. Ta daɗe tana kallo, fiye da yadda aikin ke bukata. Don kada a gane, ta ce:

"Baba, wannan ai ba sai an sa masa likkafani ba. A kwantar da shi kawai."

Lubbert ya ɗaga kai. Bai ga komai ba sai inuwar mace, haske ya kewaye gashinta.

"Wace ce wannan mai magana daga sama kamar hukunci?"

"Wadda ke riƙe da haskenka. Ka yi min rashin kunya in rufe."

Ya kamata ya tafi. Ɗan gidan Furotesta ba ya kwanciya a zana shi don a rataye a cocin Katolika. Amma ya ce zai yi tunani, kuma ya gama tunanin kafin ta gama sauka daga tsanin.

Duk safiyar da uwarsa ta tafi filin shanya na bayan gari, sai ya zagayo. Har likkafani ya zo da shi, wani farin yadi mai laushi da ya zaro daga can ƙasan akwatin uwarsa. Bai taɓa ganin ta taɓa shi ba, don haka ya tabbata ba za ta neme shi ba. Ana naɗe shi, ya kwanta a kan benci, ya rufe ido. Aleida ta daidaita taga, ta sauko ta durƙusa a matsayin Maryamu, 'yar'uwar mamacin.

Na ukunsu Floris ne, babban mataimakin Malam, wanda ya je Roma ya dawo da faffaɗar hula da sabon suna, Florenzo, da ba mai kiransa da shi sai shi. Malam ya ce ba zai zana fuskar Almasihu ba, hannu kaɗai za a gani yana fitowa daga duhu. Hannun Floris aka ara. Tun daga ranar ya daina ɗaukar duk abin da ya fi cokali nauyi.

"Aleida, hannun za ki kalla!" Malam ke faɗa. "Mu'ujizar a sama take. Me kike nema a wurin gawa?"

"Ina duba ko yana numfashi ne, Baba."

"Ina yi," Lubbert ya ce ta gefen baki. "Ki yi haƙuri."

"Matattu su yi shiru!"

Tun da an hana su magana, sai suka nemi wata hanya. Murafun ƙasa, in an rufe su, bayansu tsakar gidan Neeltje yake kallo. Da sassafe Aleida ta rubuta a kai da alli, Malam ya zo da hannunsa ya rufe, ya aika saƙon. Lubbert kuma ya kife bahon wanki ya rubuta amsa da gawayi a gindinsa, inda sai wanda ke kan tsani zai gani.

"Gawa, ka yi minshari jiya. Matattu ba sa minshari."

"Mai Taga, matattu ba sa kwana suna tunanin masifaffiya."

Wata rana: "Ka rage cin cuku. Baba ya ce kana ƙiba, kana ɓata masa mu'ujiza."

"Laifinki ne. Tun da na gan ki nake warkewa."

"To ka daina."

"Na gwada."

Ta karanta wannan sau da yawa, har Malam ya tambaya ko tsanin ya riƙe mata ƙafa ne.

Floris ba ya karanta gindin baho, amma yana da ido. Ya tare Lubbert a bakin rijiyar unguwa, yana wanke hannunsa mai daraja.

"Ɗan wanki, kada ka wahalar da kanka. Malam ya yi min alkawari tun kafin in tafi Roma. Ɗakin, da tagar, da yarinyar. A jere haka ya faɗa."

Washegari gindin baho ya ce: "Allah ya sanya alheri. Hannu ne mai kyau." Daga nan bahon ya koma zaune da bakinsa sama, cike da ruwan sabulu.

Aleida ta rubuta: "Wane hannu? Ka haukace ne?" Ba amsa. Ta rubuta: "To ka mutu ɗin, wa ya damu." Ba amsa. Daga baya ta rubuta kalma ɗaya, ƙarama, a kusurwa: "Gawa?"

Da ta gano tushen zancen, ta tsare ubanta yana cin burodi da kifi mai gishiri.

"Baba, ka ba Floris ni?"

"Tagar na ba shi, bayan raina."

"Ya ce har da ni."

"To wa zai ɗaga masa?" Malam ya ce, yana mamakin tambayar.

Lubbert ya zo zaman ƙarshe don ya yi alkawari, bai kalli kowa ba. Ranar ce Malam ya shirya zana lokacin da mamacin ke buɗe ido. Aleida ta daidaita na sama. Na ƙasa kuwa, da ta leƙa ta duba ko an kife baho, ta bar shi bai gama rufuwa ba.

"Buɗe ido a hankali," Malam ya ce. "Kamar wanda aka kira daga nesa."

Daidai nan iska ta taso a waje, ta ɗaga wani babban zanin gado ta miƙa shi ga rana. Haske fari tas ya kutso ta kafar murfin, ya bugi likkafanin, ya tashi daga ƙasa ya kama haɓar Lubbert da leɓensa da ƙasan idanunsa. Sai ka ce daga cikin yadin yake fitowa. Ya buɗe ido, abin da ya fara gani Aleida ce a durƙushe, tana harararsa, hawaye na bin kumatunta.

Ta jira tsawa. Ba ta zo ba. Malam ya tsaya da burushi a hannu, bakinsa a buɗe. Sannan ya fara zane da saurin da ba ta taɓa gani ba.

"Kada wanda ya motsa," ya ce a hankali. "Don Allah."

Ba ta taɓa jin ya ce don Allah ba.

"Me ya sa kike kuka?" Lubbert ya raɗa, leɓensa ba sa motsi.

"An ce in yi. Ɗan'uwana ya mutu."

"Ba hannun kike kallo ba."

"Ban taɓa kallonsa ba, sakarai. Da idonka a buɗe yake da ka sani."

"An ce in rufe."

"Kai kuma komai aka ce maka sai ka yarda."

"Ki ce min wani abu, in yarda."

"Ba na son kowa sai gawa."

Hannun Floris, can sama cikin duhu, ya ɗan sauka. Ba wanda ya lura.

Da yamma Malam ya sanar cewa hasken ƙasan nan ya daɗe yana shirya shi a ransa. Aleida ta ci gaba da kallon zanen. Fuskar da ke kan ƙyallen ba irin ta kullum ba ce. Mutum ne da ya dawo daga inda ba a dawowa, ya tarar ana jiransa, kuma bai gama yarda ba. Ko Floris ya cire hula.

Da an bar su haka da labarin ya ƙare lafiya. Amma bazara ta shigo, lokacin da matan kirki ke buɗe akwati su sha wa kayan ajiya iska. Kowace amarya a ƙasar nan, tare da kayan aurenta take ɗinka likkafaninta, ta sa harafin sunanta da jan zare, ta ajiye a ƙasan akwati har ranar da za a nema. Neeltje ta kai hannu ƙasan nata akwatin, ta taɓa katako.

An kira Lubbert ya dawo don gyaran ninkin yadi, yana kwance a naɗe, sai ƙofa ta bugi bango.

"Ina maƙerin gumakan?"

Idonta bai saba da duhun ba. Da ya saba, ta ga ɗanta a miƙe a kan benci cikin likkafaninta, jan zaren a kan ƙirjinsa. Ta juya don ta yi ihu, ta ci karo da zanen.

Aleida ta ga hannun matar ya tashi kamar zai taɓa fuskar, ya tsaya a hanya.

"Haka ubansa ya yi," ta ce, muryarta ta sauka. "Sai dai shi bai buɗe ba."

Ta share ido da bayan hannu, kuma da shi ta share tausayin.

"Tashi, marar kunya! Da raina ka sa min likkafani? Ka ƙosa ne? Kai kuma, maƙwabci, ina za a rataye wannan?"

"A wurin da ya dace da shi, Uwargida."

"A saman rumbu, a kunna masa kyandir, tsofaffi su durƙusa a gaban ɗana! Ka san abin da dattawan cocinmu za su yi? Su hana ni teburin jibin Ubangiji a gaban jama'a. Matansu su kwashe wankinsu. Kai ka samu hoto, ni in samu kunya."

"Ana zancen aikin da zai rayu bayan ni da ke, kina zancen wanki."

"Wankin ne ya ciyar da gawar taka." Ta nuna Maryamun da ke cikin zanen. "Wannan kallon kuma na san shi. Wata da watanni ina karanta tagarka. 'Yarka ta iya rubutu, ban da ladabi."

"Wane rubutu?" Malam ya ce.

"Kai kaɗai ne a unguwar nan ba ka sani ba. Har mai kawo madara yana tambayata yadda aka kwana."

Lubbert ya miƙe tsaye, yadin na zamewa daga kafaɗarsa. Bai zaɓi lokaci mai kyau ba, amma ba shi da wani.

"Malam, Inna, ina son in auri Aleida."

"Ɗan mai kashe inuwa?" in ji Malam.

"'Yar maƙerin gumaka?" in ji Neeltje.

Wannan ne karo na farko da suka yarda da juna a kan wani abu.

Doka ba ta barin masu shekarunsu su yi aure sai iyaye sun sa hannu, kuma Neeltje ta san haka. Ta warware likkafaninta daga jikin ɗanta, ta ninke, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ranar da fuskar ɗana ta bar wannan ƙyallen, ranar zan saurari zancen aure. In ba haka ba, kafin bazara ta ƙare yana Haarlem wurin ƙanena, kuma akwai 'ya a gidan."

Ta faɗa ne don ta san Malam ba zai goge fuskar ba.

"Sai dai a yanke min hannu," Malam ya ce.

"Ka ga an gama ke nan."

Washegari ta kwance igiyoyinta, ta mayar da shanya gaba ɗaya bayan gari, ta tafi da baho da ɗanta. Abin da Malam ya yi shekaru yana kai ƙara a kai ya samu a kyauta. Ɗakin ya koma duhu tsantsa, igiyar haske ɗaya, ba mai damunta.

Saura fuskar Maryamu a ƙarasa. Aleida ta hau tsani, ta sauko, ta durƙusa, ta kalli hannun Floris kamar yadda aka daɗe ana roƙonta. Ba gardama, ba baƙar magana. Ta dafa abinci, ta share ɗaki, ta ce to Baba. Malam ya ɗanɗani zama da 'ya mai biyayya, ya ji ba daɗi.

"Ɗaga na hagu. Rage. A'a, ƙara. Hasken nan ya lalace!"

"Yadda kake so ne, Baba."

"Bella, kyakkyawa, ɗan murmusa mana," Floris ya ce daga sama.

"Ka riƙe hannunka, Floris, shi aka ara."

Malam ya zana, ya kankare, ya sake zanawa. Fuskar da ke fitowa ta wata baƙuwa ce da ta zo gaisuwar mutuwa. Kusa da ita Li'azaru na ta kallon wadda ba ta nan.

Wata rana da hantsi, Floris ya fita, Malam ya ajiye burushi ya zauna a kan bencin gawa. Aleida ta ce, ba ta ɗaga kai ba:

"Hasken ranar nan ba naka ba ne, Baba. Zanin Inna Neeltje ne. Ni na bar murfin a buɗe."

Ta so ta ji masa ciwo, ta kuma shirya wa tsawa.

"Kin ɗauka ban san daga inda haske ke zuwa ba?" ya ce.

Ya daɗe yana kallon zanen.

"Shekara nawa ina neman fuskar nan. Na samu sau ɗaya, a hannun mai wanki." Ya juyo. "Kina sonsa da gaske, ko don ki ƙona min rai ne?"

"Duka biyun, Baba. Amma na farkon ya fi yawa."

"Ba ya iya bambance ja da ruwan ƙasa."

"Ba zane zan aura ba."

Ya tashi ya ɗauki hularsa ta zuwa coci. "Sa farin wuyan rigarki. Kada ki ce komai."

Ba a taɓa neman aure irin wannan a unguwar ba. Neeltje ba ta ba shi kujera ba, shi ma bai nema ba.

"Na zo ƙara ne, Uwargida. Tsakar gidanki ta yi muni ba shanya."

"Da ka ce ina kashe maka inuwa."

"Kina kashewa. Ki dawo ki ci gaba."

"Ka san sharaɗina."

"Na sani. Safiyar ɗaurin aure ki zo ki gani da idonki, kafin ki sa hannu. Ki bar min zanen zuwa ranar."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta san shi da girman kai, amma ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba sai a kan kansa.

"Ba a cocinku ba," ta ce.

"Ba a naku ba."

"Zauren birni ke nan, kamar marasa gata."

"'Ya'ya fa?"

"Kamar yadda ake yi. Maza su bi ubansu, mata su bi uwarsu."

"Allah ya ba su mata zalla," in ji Malam.

"Allah ya ba su maza, su yi ta shanya a gaban tagarka."

Haka suka raba jikokin da ba a haifa ba, sannan ta ba shi kujera. A bayan ƙofar kicin Lubbert ya kama yatsun Aleida.

"Mai Taga, kin rame."

"Kai kuma ka yi ƙiba. Haka ake baƙin ciki a gidanku?"

"Inna ce ke ɗura min. Ta ce ba za a sake arona ba."

Aka yi shelar auren a zauren birni Lahadi bayan Lahadi, ba wanda ya tashi ya hana. Floris ya so ya hana, amma ya ga hanawar ba za ta ba shi tagar ba. Ya tattara hularsa ya nufi Antwerp.

Safiyar ɗaurin aure ƙawaye suka watsa koren ganye a ƙofar gida, suka ɗora wa Aleida ɗan kambin amare. Ta nemi ubanta ba ta gan shi ba. Ta same shi a ɗakin zane cikin kayansa na biki, ya naɗe hannun riga, ya dama launin ƙasa mai duhu da mai.

"Ɗaga na hagu," ya ce.

Ta tattare rigar aurenta ta hau tsani. Haske ya sauka a kan fuskar. Neeltje ta riga ta maido da igiyoyinta, don haka wani farin ya kutso ta ƙasa, ya taimaka. Malam ya tsaya yana kallo kamar mai haddacewa.

"Baba, ko in roƙe ta? Ita ma ta so shi. Na gani."

"Don ta so shi ne ba za ta bari ba. Rage kaɗan."

Ya fara daga goshi. Shafa ɗaya siririya, fuskar ta koma kamar ana ganinta a ƙarƙashin ruwa. Ta biyu, leɓen ya tafi. Idanun ya bari ƙarshe, kuma su ma a tsanake ya rufe su, don Malam Wouter ba ya yin aikin banza ko da na ɓarna ne. Da ya gama, inuwar bakin kabari ta sauko ta rufe kan Li'azaru, daidai kamar an shirya haka tun farko. Abin da ya rage a haske likkafani ne, da Maryamu, wadda ya maido mata da kallonta na da, tana duban duhu da dukkan zuciyarta.

Neeltje ta shigo cikin baƙar rigarta ta coci. Ta matsa kusa, ta nemi ɗanta, ba ta same shi ba. Ta daɗe a wurin.

"Ɗinkin jan zarena ya fito," ta ce.

"Yadin mai kyau ne," in ji Malam.

Aka je zauren birni, suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya da alƙalami guda. Aka dawo aka ci naman tunkiya da wainar amare, aka sha ruwan inabi mai kayan ƙamshi. Katolika suka zauna a gefen murhu, Furotesta a gefen ƙofa, kowa na lura da yawan abin da ɗaya ɓangaren ke ci. Neeltje ta ɗora hannu a kan Aleida ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma rage mata baki. Malam ya sa wa Lubbert albarka, ya ƙara da cewa ya lalace, yanzu ko a matsayin makaho ba za a ara shi ba.

"Mai Taga," Lubbert ya raɗa mata, "yanzu wa zai riƙe min haske?"

"Ni mana, Gawa. Ka yi min rashin kunya in rufe."

"In buɗe ido?"

"Kada ka sake rufewa."

Bayan biki aka hau da zanen saman rumbu. Fada Bonifas ya matsa, ya ja baya, ya ɗaga kyandir.

"Malam Wouter, ina Li'azaru?"

"Bai fito ba tukuna, Fada. A ƙara haƙuri."

Labari ya zo daga Antwerp, inda Floris yake, cewa tsohon ya daina iya fuska, shi ya sa yake ɓoye su a duhu. Masu ba da aiki suka ji, suka fara duba wasu ƙofofin. Malam bai musa ba. Ya kuma daina faɗin wanda ya fi kowa fahimtar haske a Utrecht, sai aka rasa mai faɗa.

Aleida ta koma gidan baya, ta koyi shanya a hannun surukarta, suna faɗa kullum cikin jin daɗi. Kowace safiya takan ɗauki zanin da ya fi kowanne fari ta rataye shi daidai gaban tagar. Daga nan takan ji ƙarar tsani ana ja a ciki, da nishin gwiwar tsoho yana hawa, mataki bayan mataki. Sai murfin hagu ya ɗaga, ya ɗan wuce ma'auni, ya tsaya haka.